Shin sarakunan Chola sun mulki tsibiran Maldibi, ko hari kawai suka kai?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina. Ina bitar tarihin daular Chola ta Tamilawan kudancin Indiya, sai na ga taswirori da dama sun shafa wa tsibiran Maldibi launi ɗaya da Thanjavur, babban birnin daular, kamar dai lardi ne daga cikin lardunanta. Ina neman a warware mini abu uku. Mece ce hujjar wannan ci da yaƙi? Ta yaya rundunar ƙarni na 11 za ta isa can har ta riƙe wurin? Kuma me Tamilawa suka bari a tsibiran da za a iya nunawa a yau? Allah ya saka da alheri.

Mai Karatun Dutse ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Hujjar layi ɗaya ce a cikin kirarin sarki, don haka sai an san yadda kirarin yake aiki kafin a auna nauyinta.

Rajaraja na Ɗaya, sarkin Chola, ya hau gadon sarauta a 985, ya rasu a 1014. A zamaninsa aka tsayar da al'adar buɗe rubutun hukuma da kirarin sarki cikin waƙen Tamil, wanda suke kira meykkirtti. Duk wata kyautar gona, ko ta zinariya, ko ta tumakin da za a riƙa samun man fitilar haikali daga gare su, idan za a sassaƙa ta a bangon dutse, sai a fara da wannan kirari, a faɗi shekarar sarautar sarki, sannan a shiga maganar kyautar. Amfaninsa ga mai bincike shi ne kirarin yana tsawo ne da shekaru. In sarki ya yi sabuwar nasara sai a ƙara ta a jerin, tsofaffin kuma suna nan a inda suke.

Ga yadda ake fitar da shekara daga ciki. A tara rubuce-rubucen sarki ɗaya, a jera su bisa shekarar sarauta. A nemo na farko da sunan wata ƙasa ya bayyana a cikinsa, da na ƙarshe da bai ambace ta ba. Yaƙin yana tsakanin biyun. Sai a haɗa shekarar sarautar da shekarar hawa, a cire ɗaya. A jerin Rajaraja, Kandalur Salai da ke gaɓar Kerala ya fara zuwa, tun wajen shekararsa ta 4. Daga baya Vengi, Gangapadi, Nulambapadi, Kollam, Kalinga, Ilam wato Siri Lanka, da Rattapadi suka shigo. Na ƙarshe a jerin shi ne "munnir palantivu pannirayiram", tsofaffin tsibiran teku dubu goma sha biyu. Wannan layi yana fitowa ne a rubutun shekararsa ta 29, wato 1013 zuwa 1014, dab da rasuwarsa.

Kirarin bai faɗi sunan tsibiri ko ɗaya ba. Bai faɗi sarkin da aka ci ba, ko kwamandan da ya ja rundunar, ko ganimar da aka kwaso. Masana irin su Nilakanta Sastri ne suka ce Maldibi ake nufi, kuma dalilinsu yana da ƙarfi, domin sarakunan Maldibi da kansu sun daɗe suna kiran kansu masu tsibirai dubu goma sha biyu. Bafaranshe Pyrard, wanda jirginsa ya fashe a can a 1602 ya zauna har 1607, ya ji wannan laƙabi da kunnensa.

Sai dai kada adadin ya ruɗe ki. Tsibiran Maldibi kusan 1,190 ne a cikin zobba 26 na murjani. A kudancin Indiya na wancan zamani ana liƙa wa sunan ƙasa lamba ta al'ada: Banavasi 12,000, Nolambavadi 32,000, Gangavadi 96,000, Rattapadi 750,000. Lambar wani ɓangare ce ta sunan. Wanda ya ce Rajaraja ya ci tsibiri dubu goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya bai san salon ba.

Ɗansa Rajendra, wajen 1017 zuwa 1018, ya sake sa "tsofaffin tsibirai masu yawa waɗanda teku ke gadinsu" a nasa kirarin, tare da wani tsibiri Sandimattivu, kuma ya jera su ne bayan kambin sarkin Kerala. Wannan yana nuna mini abu biyu. A idon fadar Chola tsibiran nan ci gaban yaƙin Kerala ne. Sannan ƙasar da uba ya riƙe da kyau ba ta bukatar ɗa ya sake cinta bayan shekara huɗu.

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin mulki da hari ita ce a dubi Siri Lanka. Can an ci Anuradhapura, babban birnin ƙasar a lokacin, wajen 993, aka mayar da arewacin tsibirin lardi mai suna Mummudi Chola Mandalam, aka sauya wa Polonnaruwa suna zuwa Jananathamangalam. An gina haikalin Shiva, abin bautar Hindu, na dutse da har yau yana tsaye a Polonnaruwa. An bar rubutun Tamil a Velgam Vihara kusa da Trincomalee. An kama sarki Mahinda na Biyar a 1017 aka kai shi Indiya. Bangon babban haikalin Thanjavur, wanda aka kammala a 1010, ya lissafa ƙauyukan Siri Lanka da aka ɗora wa kawo shinkafa da kuɗi da man fitila. Mulkin ya ɗore har 1070, lokacin da sarkin Siri Lanka Vijayabahu na Ɗaya ya kore su. Haka mulkin Chola yake barin sawu: sabon sunan lardi, haikali, rubutu, haraji a rubuce. Ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba a samu ba game da Maldibi.

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Malam ya gama da dutse, bari in ɗauki teku, don tambaya ta biyu a can amsarta take.

Matsalar farko ita ce wurin tashi. Manyan tashoshin Chola, irin Nagapattinam, suna gaɓar gabas ne. Tsakanin Indiya da Siri Lanka akwai jerin tudun yashi da duwatsu inda ruwa ba shi da zurfi, babban jirgi mai kaya ba ya wucewa. Ko dai a zagaye Siri Lanka gaba ɗaya, ko a tashi daga gaɓar Kerala da ƙasar Pandya, wuraren Kollam da Vizhinjam. Shi ya sa jerin kirarin ya yi daidai da hankali: sai da aka mallaki Kerala da arewacin Siri Lanka sannan tsibiran suka shigo.

Nisan ba shi ne abin tsoro ba. Daga Kochi a gaɓar Kerala zuwa Minicoy, tsibirin da ke arewa da Maldibi, kusan kilomita 400 ne, daga Minicoy zuwa tsibirin Maldibi na can arewa kusan 130, daga ƙarshen kudancin Indiya zuwa Male, babban birnin Maldibi, kusan 600. Jirgi mai tafiya da iska, in yana cin kilomita 6 zuwa 7 a awa dare da rana, kwana huɗu ya ishe shi zuwa Male.

Lokaci ne ke da wuya. Daga Disamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, teku a kwance, ita ce ke kai jirgi can. Amma a wannan lokacin igiyar ruwa tana ja yamma. Tsibiran kuma a kwance suke, galibinsu ba su fi mita ɗaya da rabi bisa ruwa ba, ba a hango su sai ta kan itatuwan kwakwa, daga kusan kilomita 20. In ka kuskure su da dare, gabanka babu ƙasa sai gaɓar Afirka. Dawowa kuma gaba da iska ce. Dole a jira ta juya wajen Afrilu zuwa Mayu, a kuma iso gida kafin Yuni, domin daga Yuni zuwa Agusta raƙuman ruwa suna rufe tashoshin Malabar, wato gaɓar Kerala. Wanda ya makara ya zauna a tsibiran har damina ta wuce. Shekara ɗari uku da wani abu bayan Rajaraja, matafiyi Ibn Battuta ya zuga sarkin Madurai na kudancin Indiya ya kai wa Maldibi yaƙi, shugaban jiragen sarkin ya ce ba a iya tafiya can sai bayan wata uku. Iskar da ta tsayar da su ita ce dai ta zamanin Chola.

In an iso, sai maganar shiga. A wajen zobe ƙasan teku yana gangarawa ne tsaye, anga ba ta samun abin kamawa. Dole a shiga ta ƙofofin da ke jikin dutsen murjani, inda ruwa ke gudu da ƙarfi lokacin cika da janyewa. A ciki kuma akwai kawunan murjani da ke ɓoye dab da saman ruwa. Ana shiga ne da rana ta ɗaga tana bayan matuƙi, mutum a saman jirgi yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ya fara yin tudu, ruwan kasa dutse ne. Ibn Battuta ya ce jirgin baƙi ba ya zuwa daga wannan rukuni zuwa wancan sai da ɗan ƙasa jagora.

Sai ciyar da mayaƙa. Ki ɗauki mutum 1,000, kowa lita 4 ta ruwa a rana don sha da girki. Kwana goma lita 40,000 ke nan, tan 40. Rijiyoyin tsibiran ba su da zurfi, ruwan daɗin kuma siriri ne yana yawo bisa ruwan gishiri a cikin yashi, in aka matsa masa da ɗiba sai ya koma zartsi. Shinkafa ba ta yi a can, shigo da ita ake yi. Ga zazzaɓin cizon sauro da ya yi suna wajen kayar da baƙi, wanda ya kwantar da Ibn Battuta da Pyrard duka. Ƙasar gaba ɗaya, in an haɗa busasshiyar ƙasarta, kusan murabba'in kilomita 300 ce, a warwatse a tsawon fiye da kilomita 800.

Abin da wannan ke nufi shi ne cin wurin yana da sauƙi, riƙe shi ne ke da tsada. A zamanin Ibn Battuta sojan sarauniyar ƙasar kusan mutum dubu ne, ana biyan su da shinkafa. 'Yan jirage kaɗan sun isa su kama fada. Amma dubi waɗanda suka gwada daga baya: Turawan Fotugal sun riƙe Male daga 1558 zuwa 1573 aka fatattake su, mayaƙan Ali Raja, sarkin Kannur a Kerala, sun kama sarkin Maldibi a 1752, 'yan watanni kaɗan aka kore su daga Male.

Mai Bin Fatake ya amsa:

Ranku ya daɗe, ina jin kun ɗan rage wa abin daraja. Gaskiya ne babu lardi, amma ai ba lardi aka je nema ba. Babu gonar da za a auna a yanka mata haraji, to me hakimi zai zauna yi?

Abin da tsibiran suke da shi biyu ne, kuma malami al-Biruni, wanda ya yi rubutu wajen 1030 Rajendra yana kan gado, da su ya raba tsibiran: na kuɗin wuri da na igiya. Wurin ana samunsa ne ta hanyar shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa mara zurfi, ƙwarin su maƙale, a jawo ganyen a baje a yashi ko a binne har naman ya ruɓe, a wanke, a ƙirga. Ana ɗaure shi 12,000 a kwando ɗaya na ganyen kwakwa. Babbar kasuwarsa Bengal ce, inda shi ne kuɗin cefane, ana musanya shi da shinkafa. Ibn Battuta ya ga ana ba da 400,000 a dinari ɗaya na zinariya a Maldibi, ya kuma gan shi a Mali ana ba da 1,150 a dinari. Igiyar kuwa daga ɓawon kwakwa ake yin ta: a jiƙa shi a ramuka a bakin teku na tsawon watanni, a buga da kulki har zaren ya saki, mata su murza. Da ita ake ɗinke katakon jiragen Tekun Indiya maimakon ƙusa, kuma ruwan gishiri ba ya cinta da wuri.

Ƙari a kan haka, jiragen da ke tahowa daga Aden da Tekun Fasha zuwa Malabar da Siri Lanka suna ratsa mashigan da ke arewa da kudancin Minicoy. Rajaraja, wanda jakadunsa suka isa Sin a 1015, ɗansa kuma ya kai wa daular Srivijaya ta Sumatra hari a 1025, ya san darajar mashigi. Don haka ni ina ganin abin da aka yi shi ne a nuna ƙarfi a arewa, a karɓi gaisuwa, a tabbatar fataken da ke ƙarƙashin inuwar Chola suna da hanya. Wannan ma iko ne, ko da bai bar dutse ba.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode, malamai. To su mutanen Maldibi fa, ba su riƙe komai game da wannan ba? Kuma tunda Malam Mai Bin Fatake ya ce "arewa", shin ba zai yiwu tsibiran Lakshadweep ake nufi ba?

Mai Tonon Kufai ta amsa:

'Yar'uwa, tambayar Lakshadweep tana kan hanya. Tsibirai 36 ne, sun fi kusa da Kerala, mutanensu Malayalam, harshen Kerala, suke ji in ban da Minicoy, kuma marubutan Larabawa na lokacin suna haɗa rukunin biyu da suna ɗaya, Dibajat. Mai tsara kirari a Thanjavur ba shi da dalilin raba su. Abin da ya fi dacewa da hujjojin shi ne rundunar ta taɓa Lakshadweep da Minicoy, wataƙila da zobban arewacin Maldibi.

Akwai ruwayar cikin gida da ta yi daidai da haka. Tana cewa wani sarkin Indiya da ake kira Raja Dada ya ƙwace Maliku, wato Minicoy, da zoben Thiladhunmathi, sai sarki Koimala, wanda jerin sarakuna ke sa mulkinsa daga 1117 zuwa 1141, ya dawo da su. Wasu suna cewa Raja Dada shi ne Rajaraja. A riƙe ta da sassauci, domin an rubuta ta ne ƙarnoni bayan abin, kuma kamannin suna kaɗai ba ya tsayar da hukunci. Abin lura a cikinta shi ne ko ita ma arewa kawai ta ba baƙon.

Abin da ƙasa ta fitar kuma na addinin Buddha ne. Baturen Ingila mai binciken kufai H.C.P. Bell ya auna tuddan da mutanen wurin ke kira havitta a ziyararsa ta 1922, ya nuna rusassun stupa ne, wato gine-ginen ibadar Buddha masu kama da tudu. A Thoddoo an tono babban gunkin Buddha na murjani a ƙarshen shekarun 1950. A Kaashidhoo, daga 1996 zuwa 1998, an tono gidan ibadar Buddha da aka yi amfani da shi ƙarnoni kafin Chola. Da a ce hakiman Chola sun zauna, da an ga haikalin Shiva irin na Polonnaruwa, domin ba sa zama wuri ba su gina ba. Sarkin ƙasar ya musulunta a 1153. Allunan tagulla na Isdhoo da Dhanbidhoo, na wajen 1194 zuwa 1196, suna bayanin rushe wuraren ibadar Buddha da gina masallatai da yi musu waƙafi. Addinin da Musulunci ya tarar ke nan, shekara 140 kacal bayan Rajaraja.

Amma in faɗi abin da ke raunana hujjar "ba a samu ba". Dutsen murjani yana da taushi, ruwan sama da gishiri suna cinye rubutun da ke kansa. An sake amfani da duwatsun tsofaffin gine-gine wajen gina masallatai da gidaje. Tsibiran da aka tona bisa ƙa'ida kaɗan ne ƙwarai. A Fabrairun 2012 kuma wasu sun shiga gidan tarihi na ƙasa a Male suka farfasa yawancin kayan murjani na kafin Musulunci. Saboda haka rashin sawu yana kore dogon mulki mai gine-gine, amma ba ya kore ƙaramin sansani na katako da ganyen kwakwa.

Tasirin Tamilawa kuwa yana nan, sai dai ya girmi Chola kuma ba ta hanyar takobi ya zo ba. Harshen Maldibi, Dhivehi, ɗan'uwan Sinhala ne na Siri Lanka, ba daga dangin Tamil yake ba, amma yana ɗauke da kalmomin Tamil da Malayalam a harkar teku da sunayen wurare da na dangantaka. Jirgin da kowa ke hawa a can, dhoni, sunansa ɗaya da toni na Tamil. Tsohon rubutun allunan tagullar, Eveyla Akuru, dangin rubutun Grantha ne na kudancin Indiya da tsohon rubutun Sinhala. Mutanen Giraavaru, waɗanda aka tashe su daga tsibirinsu a 1968, suna danganta kansu da Tamilawa, kuma ruwaya tana cewa su Koimala ya tarar. Wannan aikin masunta ne da fatake da auratayya na ɗaruruwan shekaru. Kuskuren da aka fi yi shi ne duk abin da ya yi kama da Tamil a Maldibi sai a rataya shi a wuyan Rajaraja.

Mai Karatun Dutse ya ƙara:

Na yarda da Malam Mai Bin Fatake cewa karɓar gaisuwa iko ne, amma mu bambance abin da aka rubuta da abin da muka hango. Kirarin bai ambaci kuɗin wuri ko igiya ko mashigi ba. Dalilin ciniki fassararmu ce, mai kyau, amma fassara. Ƙungiyoyin fataken Tamil ma, irin Manigramam da Ainnurruvar, suna barin rubutu inda suka kafa zango: akwai na Takuapa a Tailan tun ƙarni na 9, akwai na Barus a Sumatra na 1088. A Maldibi ba a tono irinsa ba.

Malama, in za ki rubuta wannan a aikinki, ga abin da hujja za ta ɗauka. Rubutun Rajaraja na 1013 zuwa 1014 ya yi iƙirarin cin tsibirai dubu goma sha biyu, mafi yawan masana suna ɗaukar su Maldibi ne, ƙila haɗe da Lakshadweep. Rajendra ya maimaita makamancin iƙirarin wajen 1018. Babu shaidar lardi ko hakimi ko haraji a rubuce. Ki guji shekarar 993 da wasu ke liƙa wa wannan yaƙi, ta Anuradhapura ce. A taswira kuma ki ba arewacin Siri Lanka cikakken launi daga 993 zuwa 1070, tsibiran ki ja musu kibiya daga gaɓar Kerala ki rubuta 1014 da 1018 a jikinta.